A Buɗe Kabad, a Fito da Ƙamus



Duk wanda ya saba shiga ofishin shugaban makarantar firamare a ƙasar Gumel, daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san kabad ɗin nan na ƙarfe da ke tsaye a kusurwa. A cikinsa ake ajiye rajista da kwalin alli da kofin da makaranta ta ci a gasar ƙwallo shekarun baya. In an yi dace, can ƙasa, ƙarƙashin tarin tsofaffin takardun jarrabawa, akwai ƙamus na Turanci guda ɗaya. Wani ma ko ledar da aka kawo shi da ita ba a cire ba. Makulli yana aljihun shugaba, shugaba kuwa ya tafi ofishin ilimi kai rahoto. A daidai lokacin nan, taku ashirin daga kabad ɗin, malamin aji biyar yana tsaye gaban yara tamanin, ya yi kiciɓis da wata kalma a littafin karatu wadda bai tabbatar da furucinta ko ma'anarta ba. Ko dai ya tsallake ta kamar bai gan ta ba, ko ya yi shaci-faɗi. Yawancinmu shaci-faɗin muke yi, domin mun ɗauka abin kunya ne malami ya yi shiru a gaban yara.

Ni mai wannan rubutu na yi, kuma ba sau ɗaya ba. A shekarun farko bayan na fito daga Kwalejin Ilimi ta Gumel da takardar NCE, aka ba ni aji biyar a wata makaranta ta ƙauye. Muka zo darasin sunayen dabbobi da 'ya'yansu. Yaran yankinmu ba baƙin shanu ba ne. Wanda ya tashi yana ganin yadda ake cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis ya san bambancin bijimi da maraƙi da karsana tun kafin ya san baƙi da wasali. Suka tambaye ni sunan karsana da Turanci. Na san kalmar a rubuce, ita ce "heifer", amma ban taɓa jin kowa ya furta ta ba. Na dubi haruffanta, na ce musu "haifa". Har na ƙara da barkwanci, na ce ga saniyar da ba ta taɓa haihuwa ba, amma Bature ya raɗa mata suna haifa. Aji ya ɓarke da dariya, kalma kuwa ta zauna musu daram. Ganin dabarar ta yi aiki, sai na riƙe ta, ina maimaita ta ga kowane sabon aji har shekara shida.

Wata rana a lokacin hutu, wata tsohuwar ɗalibata da ta wuce sakandare ta zo gaishe ni. Ta durƙusa, muka gaisa, ta yi ɗan jim, sannan ta ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, akwai abin da nake son tambaya. Sunan karsanar nan da ka koya mana, na faɗe shi a aji aka yi mini dariya. Malamarmu 'hefa' take cewa." Na ce mata zan duba. Sai da na hau keke na je wurin wani abokin karatuna na ari ƙamus, na tarar da gaskiyar malamarta. Daren nan na zauna na yi lissafi: aji shida, kowanne da yara wajen saba'in. Mutum fiye da ɗari huɗu ke yawo da kuskurena a bakinsu, sun kuma riƙe shi da kyau saboda na iya koyar da shi. Ƙamus ɗin makarantarmu kuwa duk tsawon shekarun nan yana cikin kabad. Da muka buɗe daga baya, gara ta cinye shi daga harafin S har ƙarshe.

Kuskuren malamin firamare ya bambanta da na sauran ma'aikata. Tela in ya ɓata ɗinki, riga ɗaya ya ɓata. Malami kuwa yana faɗar abu sau ɗaya, baki tamanin su amsa, su kai gida, ƙanne su ɗauka. Yaro ɗan shekara goma ba ya tuhumar malaminsa. Ko mahaifinsa ne ya gyara masa, cewa zai yi ai Malam ba haka ya ce ba. Wannan amana ita ce jarinmu, ita ce kuma ta sa shaci-faɗinmu yake da tsada.

Turanci kuwa harshe ne da ba ya yafe wa mai shaci-faɗi. Rubutun Hausa na boko, in ban da karin sauti da tsawon wasali da ba mu nunawa, abin da ka gani shi za ka furta. Wannan ya sa yaronmu, da mu kanmu, muka yarda da haruffa. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai wajen 44, kusan 20 daga cikinsu wasula ne. Ka ɗauki "though" da "through" da "tough" da "cough": haruffa huɗu na ƙarshe iri ɗaya ne, furuci huɗu daban. Ga haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kamar "s" a "island", da "b" a "debt", da "w" a "sword". Babu wata basira da za ta sa mutum ya gano waɗannan da kansa. Ko dai ya ji daga bakin wanda ya sani, ko ya duba. A garuruwanmu, inda yaro zai yi mako bai ji jimlar Turanci ko ɗaya a wajen aji ba, hanyar dubawa ce kawai ta rage. A kwaleji an koya mana alamomin furucin nan da ke biye da kowace kalma a ƙamus. Mu faɗi gaskiya, haddace su muka yi don jarrabawa, muka bar su a bakin ƙofar zauren jarrabawar.

Matsala ta biyu ta fi ta furuci zurfi, domin daga cikin Hausarmu take tasowa. Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan mangwaro, yana shan iska, yana shan wahala, aikatau ɗaya ya ishe shi. Yana cin tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci zaɓe, ya ci bashi, ya ci kasuwa. Yana jin magana, ya ji wari, ya ji sanyi, ya ji Turanci. Bature kowanne da kalmarsa. Yaron da ya rubuta "I drink mango" ko "I am hearing smell" ba daƙiƙi ba ne, Hausa yake yi da kalmomin Turanci, kuma tunaninsa a kan tsari yake. Haka "borrow me your pen", wadda ta zama ruwan dare: daga "ara mini" ta fito, domin mu da saiwar kalma ɗaya muke karɓar aro mu kuma bayar da shi. Jan biro ba ya warkar da wannan. Abin da ke warkar da shi shi ne malami ya buɗe ƙamus mai misalan jimloli, ya nuna wa yara yadda "borrow" take zama a jimla da yadda "lend" take zama, su karanta da idonsu, su gina nasu.

To, me ya hana mu dubawa? In muka ce rashin littafi ne kaɗai, ba mu yi wa kanmu adalci ba. Akwai girman kai a ciki, ko mu ce tsoron zubewar girma. Mun ɗauka ranar da yara suka ga Malam yana duba ƙamus, ranar ce za su gane bai iya ba. Wannan tunani baƙo ne a al'adar karatunmu. Ita kanta kalmar ƙamus daga ina muka samo ta? Daga sunan littafin lugga na Fairuzabadi, Alƙamusul Muhiɗ, wanda marubucinsa ya rasu a Yaman a farkon ƙarni na 15. Asalin ma'anar kalmar teku ce, littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan duk wani littafi irinsa. Wanda ya taɓa zama a zauren babban malami ya ga yadda ake yi: almajiri ya kawo kalma mai wuya, malam ya ce a miƙo masa littafi kaza, ya buɗe a gaban kowa, ya bi da yatsa, ya karanta. Babu wanda ya taɓa raina shi saboda haka. Asali ma tarin littattafan da ke gefensa, da sanin inda zai buɗe, su ne shaidar malantarsa. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik, duk da matsayinsa, yakan amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba. Mu da muka gaji wannan, bai dace a ce a ajin boko ne muke jin nauyin cewa "bari mu duba" ba.

Na jarraba, na kuma ga abin da ya biyo baya. Ranar farko da na ce wa aji ban tabbatar da wata kalma ba, na aiki yaro ofis ya karɓo ƙamus, ajin ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Bayan mako biyu, yaran da kansu suke cewa, "Malam, a duba." Bayan wata guda sun fara rigima a kan wanda zai buɗe. Abin da suka koya ya wuce kalmomin da muka duba. Sun gane cewa amsa tana da mazauni, kuma mutum yana iya zuwa ya same ta ko Malam ba ya nan. Yaron da zai bar hannunmu ya shiga ƙaramar sakandare, inda kowane darasi da Turanci ake yin sa, babu guzurin da ya fi masa wannan.

Sai dai ba kowane ƙamus ne ya dace da kowane aiki ba, kuma a nan ma muna tafka kuskure. Ƙamus na masu koyo daban yake da na 'yan harshe, kuma malaman aji irinmu ne suka ƙirƙiro shi. Michael West, wanda iyayenmu da yayyenmu suka san sunansa a bangon ɗan ƙaramin ƙamus ɗin nan na makaranta, ya yi aikin koyarwa ne a Bengal ta ƙasar Indiya. Ya lura yaransa suna duba kalma ɗaya su tarar an bayyana ta da kalmomi uku da suka fi ta wuya. Shi ya sa a 1935 shi da abokin aikinsa suka fitar da ƙamus wanda duk bayanansa an yi su da kalmomi masu sauƙi da ba su kai 1,500 ba. A. S. Hornby kuma a Japan ya koyar. Ƙamus ɗinsa ya fara fitowa a Tokyo a 1942, kamfanin Oxford ya buga shi a 1948, shi ne ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary da muke gani a yau. Wannan na malami ne, ya ajiye a gefensa lokacin shirya darasi. In ka miƙa wa ɗan aji huɗu shi, ka jefa shi a tekun da sunan ya ambata. Shi ƙaramin ƙamus na firamare yake buƙata, 'yan aji ɗaya zuwa uku kuwa mai hotuna.

Akwai kuma tambayar da ƙamus na Turanci zalla ba zai taɓa amsawa ba. Yaron da ubansa dillali ne a kasuwar dabbobi zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya ake ce wa la'ada?" Wata ta tambayi riɗi, wani zoɓo, wani ƙaro, wani amalanke. Waɗannan su ne rayuwarsu, su ne kayan da manyan motoci ke ɗauka daga yankin nan zuwa kudu har ƙasashen waje, amma da wuya ka gan su a littafin karatun da aka rubuta a Legas ko Ibadan. Nan ake buƙatar ƙamus mai harshe biyu, kuma Hausa ta yi sa'ar da harsunan Afirka kaɗan suka yi. Tun 1934 G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamus ɗinsa mai kalmomi wajen 39,000, har da nuna wadda ta Katsina ce ko ta Sakkwato. Na R. C. Abraham ya biyo baya a 1949. Neil Skinner ya yi Kamus na Turanci da Hausa a shekarun 1960, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya daɗe yana bugawa. A 1977 aka sami Sabon Kamus na Hausa zuwa Turanci na Paul Newman da Roxana Ma Newman, a 2020 kuma maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta buga wani sabo nasu mai fuska biyu, Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa. Ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda Hausa zalla ne. Kano ba nisa gare ta ba. Abin takaici ne a ce an yi wannan aiki duka, amma malamin da ke koyar da 'ya'yan Hausawa Turanci a Sule Tankarkar bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Gargaɗi ɗaya game da na Bargery, tunda yanzu ana samun sa a intanet kuma wasu abokan aiki sun fara dogara da shi: taska ce ta Hausa, amma Turancinsa na shekara casa'in da suka wuce ne. A nemi ma'ana a cikinsa, sannan a tabbatar da kalmar Turancin a ƙamus na zamani kafin a hau da ita allo.

Wani zai ce, kuma yana da hujja, wane ƙamus ake magana a ajin da iska ta yaye rufinsa, yara suna zaune a ƙasa, rabinsu ba su iya haɗa baƙi ba, ranar Alhamis kuwa kasuwa ta kwashe sulusinsu? Ba mu musa ko ɗaya. Wannan mujalla ta sha magana a kan cunkoson aji da ƙarancin malamai da haƙƙoƙinmu, ba za ta kuma daina ba. Amma a lura, rufin aji sai an ba da kwangila, ɗaukar malamai sai gwamnati ta amince, fito da littafi daga kabad kuwa makulli kawai yake buƙata. Sannan yaron da bai iya karatu ba, gaskiya ne ƙamus ba zai amfane shi kai tsaye ba, amma zai amfane shi ta bakin malaminsa. Mai buƙatar ƙamus na farko a makaranta shi ne malami, a daren da yake shirya darasin gobe. Minti goma na bin kalmomin darasi ɗaya bayan ɗaya, a duba furuci, a duba jam'i, a duba ko kalmar tana da ma'ana fiye da ɗaya, sun isa su hana irin abin da ya same ni.

Batun ma'ana fiye da ɗaya ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne mai ƙamus a hannu ma yake faɗawa rami. Yaro ya duba "well" ya ga rijiya, sai ya fassara "I am well" da cewa shi rijiya ne. Ya duba "kid" ya ga ɗan akuya. Ɗaukar ma'anar farko a rufe littafi ita ce cutar sabon mai duba ƙamus, babba da yaro. Maganinta a koya musu su karanta ma'anonin duka, su koma jimlar da suka fito, su gwada wadda ta zauna. Mu ma da Hausa haka muke yi ba tare da mun lura ba: in ka ga "gari" a rubuce, sai jimla ta gaya maka na zama ne ko na tuwo. Akwai kuma wata cutar, ta malamin da ya mai da ƙamus rumbun manyan kalmomi, yana kwafo ma'anoni a allo yara suna kwafewa ba tare da sun fahimci ko ɗaya ba. Wannan bai fi kullewa a kabad ba.

Kafin yaro ya iya duba komai, sai ya san jerin haruffa kamar yadda ya san hanyar gidansu. Rera su da waƙa bai wadatar ba, domin da yawa sun iya rerawa amma ba su san ko M ce ke gaba da R ba sai sun faro daga A. Ga shi kuma jerin Hausa da na Turanci ba ɗaya ba ne: mu muna da ɓ da ɗ da ƙ da 'y, ba mu da p da q da v da x a kalmominmu na asali. Dabarar da ta fi yi mini aiki ba ta cin ko kwabo. Yara su fito su jera kansu bisa harafin farko na sunayensu, in Amina da Aminu da Adamu suka haɗu, su da kansu za su gano dole a duba harafi na biyu da waɗanda ke biye da shi. Daga nan a nuna musu kalmomin ja-gora da ke saman kowane shafi. Sannan aji ya buɗe nasa ƙamus: littafin rubutu ɗaya mai kauri, kowane harafi da shafukansa, duk kalmar da aka duba a shigar da ita da ma'anarta ta Hausa da jimla guda. Kafin ƙarshen zango na uku, ajin yana da littafin da yaran suka rubuta da hannunsu, kuma ba su yarda kowa ya yaga shi. A fara da kalmomin da suka riga suka sani ba su san sun sani ba, irin su bokiti da tebur da fensir da birki da famfo. Yaran da danginsu ke tsallaken iyaka, waɗanda ke ce wa makaranta lakwal, su kan yi mamaki in suka ji cewa wannan daga Faransanci ta zo kamar yadda bokiti ta zo daga Turanci.

Ba ƙamus kaɗai ake nufi ba. Littafin taswira yana raya darasin fahimtar karatu fiye da dogon bayani, musamman ga yaron da ke iya nuna maka hanyar Damagaram da hannu amma bai taɓa ganin garinsu a takarda ba. Tsofaffin abokan malami irin su Brighter Grammar da First Aid in English har yanzu suna warware rikicin jam'i da lokutan aikatau. Kalanda, da tsohuwar jarida, da rubutun da ke jikin buhun taki, duk abin dubawa ne in malami ya so.

Wayar hannu fa? Alheri ce, kuma ta zo da abin da littafi ba shi da shi, wato murya. Akwai ƙamus da ake saukewa sau ɗaya a yi ta amfani da shi ko babu data, wasu kuma suna furta kalma ka ji da kunnenka. Da ina da irin wannan a wancan lokaci, da karsana ba ta zama haifa ba. Malamai matasa, musamman 'yan J-Teach da suka shigo cikinmu, sun fi mu sanin kansa, bai kamata mu ji nauyin zama su nuna mana ba. Amma a yi hattara da fassarar na'ura. Tana iya ba ka kalma ɗaya daidai, ta ba ka jimla a karkace, ba kuma za ta gaya maka ta yi kuskure ba. Ga matsalar caji da ta layi a ƙauyuka, sannan waya ta malam ce, tana tafiya gida tare da shi. Littafi shi ke kwana a makaranta.

Shugabannin makarantu 'yan uwanmu ne a wannan ƙungiya, kuma ba mugunta ce ta sa suke kulle littafi ba. Tsoro ne. An ƙirga musu kaya an sa sun sa hannu, sun san ranar da mai duba makarantu zai zo, littafin da ya ɓace ko ya yage su za a tambaya. Saboda haka kiranmu na farko ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumominmu huɗu da jami'an sa ido shi ne su sauya tambayar. A daina tambayar ko ƙamus yana nan lafiya, a riƙa tambayar wa ya buɗe shi a makon nan. Ƙamus ɗin da ya yi shekara uku a makaranta bai yi datti ba, shi ya kamata a nemi bayaninsa. Ɗan littafin aro, malami ya sa hannu da safe ya mayar in an tashi, ya isa ya kare shugaba.

Ga hukumar SUBEB kuma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimi a matakin farko, kuma kayan koyarwa suna da nasu kaso a ciki. Muna roƙon duk lokacin da za a raba littattafai a sa ƙamus a lissafi: na masu koyo da mai harshe biyu a kowace makaranta, ƙarami kuma a kowane aji daga huɗu zuwa shida. A tarukan horar da malamai a ware ko da yini ɗaya ne don koyon amfani da su, har da alamomin furucin da muka manta.

Lamarin ya ƙara zama na gaggawa saboda yadda manufar harshen koyarwa take ta juyawa. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a fara da harshen uwa ko na yankin, Turanci ya karɓa daga baya. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shida na firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da janye wannan, aka ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe. Ra'ayinmu a kan haka ba ɓoyayye ba ne: yaro ya fi fahimta da harshen da yake mafarki da shi, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna haka. Amma duk inda manufa ta karkata, mutum ɗaya ne zai tsaya tsakanin Hausar yaro da Turancin littafi, shi ne malamin aji. In an ɗora masa koyar da lissafi da kimiyya da Turanci, kalmomin da zai buƙaci tabbatarwa sun ninka.

Kada mu manta kuma da abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su. Ƙungiyarmu ta yi tsayin daka har da yajin aiki, kuma muna nan a kan cewa horarwa ta fi kora. Sai dai hujjarmu tana ƙara ƙarfi ne in an ga mu da kanmu muna neman gyara. Malamin da ke duba kalma biyar kowane dare, bayan shekara ɗaya ya wuce inda yake da nisa, ba tare da an tara shi a wani zaure an ba shi kuɗin mota ba.

Iyaye, ku ma da naku. Mun ga yadda bikin yaye ɗalibai ya shigo har ƙauyuka, da anko da hoto da lemon kwalba. Ba mu hana farin ciki ba. Amma kuɗin da ake kashewa a yini ɗayan nan zai sayi ɗan ƙamus da yaro zai shiga sakandare da shi, ƙannensa su gada. Uwa ko ba ta yi boko ba tana iya cewa, "Zo ka nuna mini kalmar da kuka duba yau." Kwamitocin SBMC da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da attajiran kasuwarmu, waɗanda ba su taɓa ƙin taimakon makaranta in an je musu da magana bayyananniya ba, a gaya musu abin da ake so da sunansa. Kuɗin karsana ɗaya zai wadata makarantu da dama.

Shawararmu ga shugabannin reshe ita ce a sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa. Kafin ranar, wakilin kowace makaranta ya nemi izinin shugabansa cikin ladabi, a buɗe kabad tare, a rubuto abin da aka samu: ƙamus nawa ne, wane iri, wace shekara aka buga shi, a ina yake kwana. Da wannan lissafi za mu san abin da za mu nema da wurin wanda za mu nema, mu kuma ga ko makarantun da ke kusa da juna za su iya yin karo-karo su aika Kano a sayo musu a farashin sari. Wanda ya buɗe ya tarar gara ta riga shi, ya zo da abin da ta rage, a shigar da shi cikin lissafin.